Darasin taurari a saman bene: jaka goma na biya, ga abin da na samu

Salamu alaikum. Mutum na huɗu ke nan yau da ya tare ni da maganar darasin taurarin nan da muka je ni da ɗiyata, wai da gaske akwai abin koyo ko dai wata sabuwar hanyar cin kuɗin iyaye ce aka ɓullo da ita, to na gaji da yin vokal ɗaya-ɗaya, bari in rubuta sau guda wanda ya so ya karanta.

Ni tela ne, shagona na nan wajen Wadata a Yamai, shekara 22 ina taka keke, karatuna a CM2 ya tsaya, saboda haka kada wani ya zo ya ƙure ni da kalkil, abin da na ji da kunnena na kuma rubuta a bayan kayen da nake rubuta awon kiliya shi zan faɗa. Yarinyar ce ke terminal, bana za ta yi bak, sunan mahaifiyata gare ta shi ya sa Uwata nake ce mata, ita ta zo min da takardar tallar daga lekol. Dare huɗu, kowace Asabar bayan isha'i, jaka biyar kan mutum ɗaya, an rubuta da manyan baƙaƙe wai zo ka ga yadda sama ke faɗaɗa. Na ce ke Uwata jaka biyar fa ɗinkin riga da wando ne har da ɗan aiki a wuya, ta ce Baba fizik ne zai taimake ni. Ni kuma ba zan bar budurwa ta fita da dare ita kaɗai ba, shi ke nan biyar ta koma goma don a bakin ƙofa aka ce duk wanda zai hau bene sai ya biya ko da rakiya ya zo. Wannan ya ɓata min rai kuma har gobe ina ganin ba daidai ba ne, uban da ya zo rakiya ko rabin kuɗi ne a rage masa.

Wurin saman benen wata lekol ce mai zaman kanta can bakin gari ta hanyar Filinge inda fitilu ba su da yawa. Kujerun roba, shayi zagaye ɗaya, teleskop guda wanda bai fi tsawon hannuna ba, kwamfuta da projekta ana haskawa jikin wani farin zane da aka ɗaure da igiya (wanda ya yi kalmasar zanen nan Allah ya shirye shi). Ba mu kai mu 20 ba, yawanci ƴan lise, sai ɗalibai biyu na jami'a da wani dattijo mai ritaya da ni. Malamin yaro ne matashi, da rana fizik yake koyarwa, yara Mushe suke ce masa ni kuma Malam, shi kuwa tunda ya ji sana'ata ya laƙaba min Baba tela. Ya ce a Harobanda ya yi karatu, jami'ar Abdou Moumouni, har ya tuna wa yaran cewa mai sunan nan kansa masanin fizik ne haifaffen Tasawa wanda ya yi aikinsa kan ƙarfin hasken rana, kada su ɗauka ilimin nan gadon Turawa ne.

In fara da abin da ya fi muni: tallar nan ba gaskiya ba ce. Ba za ka ga sama na faɗaɗa da wannan teleskop ɗin ba, ko da wanda ya fi shi sau goma, kuma shi kansa Malam minti biyar da farawa ya faɗa mana haka, ya ce ba shi ya rubuta takardar ba masu lekol ne. Abin da muka gani da ido a darare huɗun: ramukan jikin wata, Jupita wanda malamai ke ce wa Mushtari da ƴan ɗigo huɗu a jere gefensa, Kaza da ƴaƴanta waɗanda ashe ƴaƴan sun fi ƙarfin ƙirga, sai wani dishi-dishi kamar an shafa alli a baƙar shadda aka goge, wai shi ne Andromeda, garken taurari guda irin namu, haskensa ya yi shekara miliyan 2 da rabi yana tafiya kafin ya faɗo idona. Abin dariya kuma, shi kaɗai ne garken da muka iya gani kuma shi ba gudunmu yake ba, tahowa yake wajenmu don yana kusa, jan da ke tsakaninsa da namu garken ya fi ƙarfin buɗewar. Dattijon nan ya ce to Malam a mayar mana da kuɗinmu, muka yi ta dariya.

Amma fa ban nemi kuɗina ba, ga dalili.

Daren farko ya ɗauko balan-balan ya ɗiga mata tawada da bik zai nuna yadda komai ke nisantar komai, yana hurawa ta fashe, ya ɗauko ta biyu iska ta kwashe ta ta yi ƙasa. Na ce Malam bari mako mai zuwa in zo maka da abin kirki. Na je shago na yanko lastik na ƙugun wando mita ɗaya na ɗinka masa maɓalli kowane santi 10. Asabar ta biyu yara biyu suka kama baki-baki suka ja har ya ninka tsawonsa, ya ce kowa ya zaɓi maɓalli ɗaya ya ce nan ne gidanmu. Maƙwabcinka da ke santi 10 ya koma 20, ya matsa 10 ke nan, na uku da ke 30 ya koma 60, ya matsa 30 cikin lokaci guda ɗin, wato wanda ya fi nisa shi ya fi saurin gudu kuma ko wane maɓalli ka zaɓa haka za ka gani, babu wanda ke tsakiya. Ya ce abin da wani fada ɗan Beljiyam Georges Lemaître ya fitar da lissafi a 1927 ke nan, Edwin Hubble kuma ya nuna da awo a 1929 a Amurka. Kuma maɓallan su ba sa kumbura, lastik ɗin ne ke miƙewa, saboda haka ni da kai da Yamai da garken taurarinmu ba ma faɗaɗa. Na ce alhamdu lillahi, akwai wani alhaji kiliyana da duk salla sai na ƙara masa santi huɗu a ciki, kada ya ji wannan magana ya ɗora wa sama laifi.

A daren ne dattijon ya kawo ayar nan ta 47 a suratu Zariyati da ke maganar gina sama da yalwata ta, ya tambaya ko ita ce wannan. Na ji daɗin amsar yaron, ya ce Baba tafsiri na malamai ne, ban isa in shiga gonarsu ba, ni abin da aka ɗauke ni in koyar shi ne yadda ake awo, kuma awo yau ya ce kaza gobe a gyara shi. Bai yi gardama ba bai kuma yi kwaskwarima don a tafa masa ba.

To awon nan shi ne duk darasin, kuma nan ne ni tela na samu wurin zama. Da farko yana ta cewa model, model, ni duk tunanina irin model ɗin da mata ke kawo min a salula su ce haka nake so. Ashe abin ya fi kama da patron, wato ka zauna ka zana yadda kake ganin jikin yake, ka yanka, ka harhaɗa, amma ba ka isa ka ce ɗinki ya yi ba sai mai riga ya zo ya saka. In ta kama shi a hammata ba za ka ce jikinsa ne ya yi kuskure ba. Masana sun zana patron na sama gaba ɗaya, kowane patron yana faɗin cewa in ka duba nisa kaza za ka tarar da buɗewa kaza, sai a je a auna a gani. Abu biyu ake aunawa. Na farko launi: hasken da ya taso daga nesa yana hanya filin na miƙewa, shi ma sai ya miƙe kamar zanen da aka yi jikin lastik, launinsa ya karkata zuwa ja, yawan jan shi ke faɗa maka sau nawa sama ta buɗe tun tasowarsa. Wannan mai sauƙi ne a wajensu. Na biyu nisa, shi ne mai wuya, don ba wanda zai ja mita daga nan zuwa can.

Dabarar ita ce fitila. Ya tura yaro ɗaya ƙarshen bene da tocilan ta salula, wani kuma ya tsaya rabin hanya da irinta, ya ce in nisa ya ninka biyu haske na komawa kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka uku ɗaya cikin tara. Saboda haka in ka san ƙarfin fitila tun asali, dushewarta za ta ba ka nisanta, kamar yadda kake gane nisan moto da dare a hanyar Doso in ka san irin fitilarsa. Fitilar masanan wani irin tauraro ne da ya riga ya mutu ya ƙanƙance, yana tsotsar kayan maƙwabcinsa har nauyinsa ya kusa ninki 1.4 na rana sai ya tarwatse, sufanoba suke ce masa nau'in Ia, na ƴan makonni haskensa na iya gogayya da na garke guda, kuma da yake kusan a ma'auni ɗaya suke fashewa haskensu kusan ɗaya ne, ɗan bambancin ana gyara shi da duba saurin dushewar kowane.

Kafin 1998 kowa ya ɗauka buɗewar na rage gudu, don nauyi na jan nauyi, kamar ka jefa dutse sama. Ƙungiya biyu masu kishi da juna suka fita neman sanin nawa take ragewa, ɗaya ta Saul Perlmutter a Kalifoniya, ɗaya ta Brian Schmidt daga Ostareliya da Adam Riess, a 1998 dukkansu suka tarar fitilun nesa sun fi dushewa da kusan kwata a kan yadda ake zato, wato sun fi nisa, wato gudun ƙaruwa yake ba raguwa ba. Ka jefa dutse sama maimakon ya dawo ya ƙara mai. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2011. Abin da ke turawar ba a san ko mene ne ba shi ya sa aka ce masa baƙin ƙarfi, énergie noire a Faransanci, Malam ya ce baƙin nan ba launi ba ne, duhun kanmu ne aka sa wa suna.

Dare na uku shi ne wanda na zaci asara ne ya zama mafi kyau. Hazo ya sauko tun la'asar, ka san yadda Yamai ke yi lokacin sanyi, ko wata da ƙyar, teleskop ko fito da shi ba a yi ba, ana cikin haka kuran ya tafi kuma ba gurup ba batir, projekta ya mutu. Wannan sakaci ne, wanda ke karɓar jaka biyar-biyar a garin nan ya san wuta na ɗaukewa. Muka jawo kujeru muka zagaye shi da tocila, ba hoto sai baki. Can sai Uwata, wadda a gida ko gishiri za ta tambaya sai ta yi ta kewaye-kewaye, ta ɗaga hannu ta ce Mushe, yanzu ga fitilar antenar can ta dushe kuma ba matsawa ta yi ba, hazo ne, to su ta yaya suka san ba ƙura ce ta rage hasken taurarin nasu ba? Wallahi sai da na juya na dube ta. Malam ya miƙe tsaye ya ce wannan ita ce tambayar da masana suka yi wa mutanen nan tun ranar farko. Ya ce amsa biyu ce. Ƙura ba dushewa kawai take sa wa ba tana ja da launi, dubi yadda rana ke zama kamar garwashi da yamma in ana hazo, to ana auna launin a cire rabon ƙura. Ta biyu ta fi daɗi: in ƙura ce, duk ƙarin nisa sai ƙarin dushewa ba tsayawa, amma a 2004 Riess da mutanensa suka yi amfani da teleskop ɗin Hubble da ke sama suka kamo waɗanda suka fi nisa sosai, sai aka tarar su sun fi haske a kan abin da labarin ƙura zai bayar. Ma'ana can da farko buɗewar raguwa take yi, nauyi ne ke da iko, sai wajen shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce turawar ta karɓe ragama. Ƙura ba ta iya wannan juyi. A hanyar komawa cikin taksi na ce ke Uwata ina kika samo wannan, ta ce Baba ai antenar na gabanmu. Wannan daren kaɗai ya biya ni jaka goma ta.

A daren ne kuma ya ba mu patron ɗin da aka fi yarda da shi. Tun 1917 Einstein ya saka wata lamba a lissafinsa, lambda, don ya tsayar da sama cik kada ta motsa, da aka gano tana buɗewa ya jefar da ita, bayan 1998 aka je aka tono ta kamar tsohon patron a ƙasan akwati aka ga ta zauna. Abin da take nufi shi ne fili kansa, wanda ba komai cikinsa, yana da wani ƙarfi, kuma ko an ja filin ƙarfin ba ya sirancewa. Nan na ce Malam tsaya, duk yadin da ka ja sai ya yi shara-shara har ka hango hannunka, ya ce to wannan ne kaɗai yadin da ko an ja shi kaurinsa na nan, shi ya sa da sauran kaya suka baje suka yi ruwa-ruwa shi ya rage mai ƙarfi. Suna da wata lamba w, in ta zama -1 cif to Einstein ne, in ta kauce ko tana canzawa da zamani to wani abu ne daban mai motsi, sai a sake zane. A wannan patron, in sama yadi ce mita ɗaya, santi 5 ne kawai irin kayan da muka sani, mu da ƙasa da taurari, santi 27 wani ɓoyayyen abu ne mai nauyi da ba ya haske, santi 68 baƙin ƙarfi. Shekarun duka biliyan 13.8. Waɗannan lambobin daga kumbon Planck na Turai suka fito, wanda aka harba a 2009 ya ɗauki hoton haske mafi tsufa, wanda ya kuɓuce lokacin sama na da shekara 380,000 kacal.

Dare na huɗu shi ne nama, kuma shi ne aka fi cutarmu, don abin da ya kamata a raba dare biyu aka cusa a ɗaya, Malam na gudu, da ya ga lokaci na tafiya ya saki Hausa ya kama Faransanci zalla da alluna cike da ƙwai-ƙwai masu launi, ni da dattijo muka koma ƴan kallo sai da Uwata ta warware min washegari muna karyawa. Ga abin da na tsinta. Rigar nan ta zauna wa sama shekara sama da 25 amma yanzu tana kamawa wuri biyu.

Wuri na farko saurin buɗewa na yau. In ka ɗauki hoton jariri na Planck ka bi patron ka lissafo girman da ya kamata ya kai yau, sai ka samu kilomita 67 da ɗoriya a daƙiƙa kan kowane nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. In kuma ka auna baligin kai tsaye, tsani-tsani, daga taurari masu bugun haske da wata mata Henrietta Leavitt ta gano ƙa'idarsu a 1912 zuwa sufanoba, mutanen Riess na samun 73. Wendy Freedman da nata mutanen da wasu irin taurari suna faɗowa wajen 70, tsakiya. Wani zai ce 67 da 73 ai duk ɗaya ne, to ni ba zan ce haka ba, wanda wuyan rigarsa 40 ne ka yi masa 37 ka ga ko zai biya ka, kuma kowane ɓangare ya rantse kuskurensa bai wuce 1 ba.

Wuri na biyu sabo ne. Ban da fitila suna da mita. Wai lokacin da sama ke jaririya tana da zafi da kauri har ƙara na ratsa ta kamar ka jefa tsakuwa a kogin Isa zobe ya buɗe, da ta huce zoben ya daskare, har yau garken taurari sun fi son zama da tazarar kusan tafiyar haske ta shekara miliyan 500 tsakaninsu, tun 2005 aka fara ganin wannan alama. Tunda an san tsawon mitar, in ka ga yadda take ƙanƙancewa a ido a kowane zamani ka samu nisa ba tare da fitila ba. Akwai wata na'ura DESI a kan wani teleskop mai faɗin mita 4 a dutsen Kitt Peak na Arizona, tana da ƴan mutum-mutumi 5,000 kowane riƙe da zaren gilashi siriri yana saita shi kan garke guda, ni da na ji haka sai na tuna keken surfani mai allura da yawa. Sun fara a 2021, suka fitar da sakamako a Afrilun 2024 suka ƙara a Maris 2025 da garke da makamantansu sama da miliyan 14, suna leƙa baya har shekara biliyan 11. DESI ita kaɗai ba ta ƙaryata lambda ba, amma in aka haɗa ta da Planck da sufanoba sai awon ya fi son patron ɗin da baƙin ƙarfin ke raguwa da zamani, w ba ta tsaya kan -1 ba. Ƙarfin shaidar suna auna shi da sigma, sun samu tsakanin 2.8 da 4.2, su kuma ba sa cewa an gano abu sai 5, inda yiwuwar a ce dace ne kawai ta koma kamar 1 cikin miliyan 3 da rabi.

Abin da ya tsaya min shi ne dalilin wannan tazara ta 2.8 zuwa 4.2: tarin sufanoba uku ne daban-daban, wanda ka ɗauko shi ke ba ka lambarka. Na ce Malam a shagona in yara uku suka auna mutum ɗaya suka kawo min lamba uku, ba mutumin nake fara tuhuma ba, mitocin nake karɓa in duba, don mita ta roba in ta tsufa ta sha zafi miƙewa take kuma ko sau dubu ka auna da ita ƙarya ɗaya za ta yi ta maimaita maka. Ya ce Baba tela abin da ake faɗa a kai ke nan yanzu haka, yawan awo na maganin kuskuren rawar hannu amma ba ya maganin mita mai ƙarya, har ya ba mu labarin wasu masana a Italiya da a 2011 suka auno wasu ƙwayoyi sun fi haske gudu, duniya ta ɗauka, daga baya aka tarar wata waya ce ba ta zauna daidai a soket ɗinta ba. Ɗaya daga ɗaliban jami'a ya matsa masa wai Mushe kai wanne ka yarda, ya ce in na faɗa maka yau na sayar maka da abin da ba ni da shi, a jira kumbon Euclid na Turai da aka harba a Yulin 2023 da teleskop ɗin Rubin da ke ƙasar Cile mai kyamarar megapiksel 3,200 wanda ya nuna hotunansa na farko a Yunin 2025, su da wasu mitoci daban za su auna. Yaron bai ji daɗi ba, ni kuwa na ji, don na san irin telan da ke ce wa kowa gobe da safe ka zo ka karɓa.

Sauran ƙorafi a gurguje. Ba a fara kan lokaci ko sau ɗaya, an ce 8 da rabi sai 9 saura. Daren ƙarshe sai 11 da wani abu muka sauko, unguwar ba taksi, muka taka har bakin gudron cikin sanyi ni da yarinya, wanda ba shi da moto ya shirya da mai taksi tun da wuri ya karɓi lambarsa. Matakalar benen ba fitila ba abin dafawa, dattijo sai riƙe shi ake. Mata uku ne kawai cikinmu kuma ba a yi tunanin makewayi ba. Teleskop ɗaya ga mutum kusan 20, kafin layi ya zo kanka Jupita ya fice daga ciki sai an sake saiti. Takardun da ya yi alkawarin turowa a gurup na WhatsApp rabi ne suka zo, duka da Faransanci, alhali bakinsa na iya Hausar abin sarai in ya ga dama, shi ya ƙirƙiro kalmar garken taurari ba ni ba. In maki ake so, malamin 9 cikin 10, masu shirya wurin 4.

Wa zan ce ya je? Ɗan lise mai son fizik, ba shakka, ko da ba zai fito a bak ba. Babba mai haƙurin zama ya ji lamba, ya je. Wanda ke son hoto mai launi irin na intanet ya saka a status ya riƙe kuɗinsa, dishi-dishi zai gani. Yara ƙanana kada a kai su, sanyi da barci za su sha. Kuma a tambaya tun kafin a biya ko an samo batir, a zo da rigar sanyi da hula, a duba sama da la'asar in hazo ne a san baki za a sha ba ido ba. Sun ce za su sake wani zagaye in hazo ya ɗaga.

Litinin da na buɗe shago na tattara mitocin nan uku na shimfiɗa su kan tebur jikin rula ta ƙarfe da na aro wajen mai walda na kusa da mu. Biyu lafiya. Ta ukun, shuɗiyar da babban yarona ke ratayawa a wuya tun bara, ta ƙaru da santi ɗaya da rabi a mita, kuma da ita aka auna wandunan wani malamin lekol da ya dawo min da su sau biyu wai sun ɗage masa, ni ina ta ce masa wanki ne ya ja yadin. Na kira shi na ce ya kawo in sake masa kyauta, bai zo ba tukuna. Lastik ɗina mai maɓalli kuma yana wajen Malam, ya ce zai dawo min da shi, na ga alama ya zama kayan lekol.